Takardar Da Ke Riga Ka Shiga Ofis: Yadda Ake Rubuta CV Don Neman Aikin Mataimakin Shugaba

A bakin kusan kowace sakatariyar gwamnati, da ƙofar kowace jami'a ko kwalejin fasaha a Arewa, akwai jerin shagunan buga takardu. Idan ka shiga ka ce CV kake so, mai shago ba zai tambaye ka wane aiki kake nema ba. Wani tsohon fayil zai buɗe a kwamfuta, ya goge sunan wanda ya riga ka zuwa, ya sa naka, ya sauya ranar haihuwa da ƙaramar hukuma da sunayen makarantu. Sauran bayanan kuwa suna nan daram: kai mai ƙwazo ne, mai gaskiya, kana aiki ba sai an tsaya a kanka ba, kuma kana sha'awar karance-karance da tafiye-tafiye. Kafin ka gyara zama an buga, an zura a ambulan mai ruwan ƙasa, ka biya ka kama gabanka.

Mai shago bai yi laifi ba, bugawa aka biya shi, ya kuma buga. Wataƙila ma takardar ta wadatar a wuraren da satifiket kaɗai ake dubawa. Amma duk wanda ya ɗauki irin wannan takarda ya tafi neman aikin mataimakin shugaban kamfani, ko sakatariyar babban darakta, ko hadimin wani babban mutum, to ya kayar da kansa tun kafin a kira shi intabiyu. Injiniya ko likita ana iya kawar da kai daga kuskuren rubutu a takardarsa, domin ba rubutu za a ɗauke shi yi ba. Shi kuwa mataimaki sana'arsa ke nan: tsara bayani, taƙaita dogon zance, tace kuskure kafin maigida ya sa hannu, da sanin abin da ake faɗa da wanda ake bari a ciki. Idan ya kawo takarda a hargitse, ya zama kamar tela da ya zo neman ɗinki sanye da riga mai karkataccen wuya. Takardar nan ita ce aiki na farko da ya yi wa maigidan, kuma da ita za a fara auna shi.

Lokaci ake saye

Kafin a ɗora alƙalami, ya kamata a san abin da mai ɗaukar aikin yake nema. A 2018 wasu malaman Jami'ar Harvard ta Amurka su biyu, Michael Porter da Nitin Nohria, sun wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan shugabannin manyan kamfanoni 27. An bi diddigin lokacin kowannensu dare da rana har mako 13. Aka tarar a matsakaici shugaba yana aikin awa 62.5 a mako, yana zama taro 37, kuma kashi 72 cikin 100 na lokacin aikinsa a wurin taro yake ƙarewa. Wa ya tattara waɗannan alƙaluma? Mataimakan shugabannin ne. Su aka horar suka riƙa rubuta abin da maigida ya yi a kowane minti 15, saboda babu wanda ya san yinin shugaba kamar su.

Tun kafin nan, a 2011, Melba Duncan, wadda ta daɗe tana samar wa manyan kamfanonin Amurka mataimaka, ta yi wani lissafi a mujallar Harvard Business Review. Ta ce a ɗauka shugaba yana karɓar dala miliyan 1 a shekara, mataimakinsa kuma dala 80,000. Kamfani zai mayar da kuɗinsa matuƙar mataimakin ya ƙara wa shugaban kashi 8 cikin 100 na yawan aikin da yake gamawa, wato ya rage masa kimanin awa 5 a makon aiki mai awa 60. Albashin can ba irin namu ba ne, amma ma'aunin ɗaya ne. Tambayar da ke zuciyar mai karanta takardarka ita ce: idan na ɗauki wannan, awa nawa zai dawo mini da su, kuma zan iya juya baya in bar masa wayata da mukullin ofishina?

A nan gida ma lamarin ya fi haka nauyi. Manajan darakta a Kano ko babban sakatare a Abuja ba taron ofis kaɗai ke cin lokacinsa ba. Ga ɗaurin aure ranar Asabar a Zariya, ga ta'aziyyar da ba a shirya mata ba, ga jirgin Legas da aka ɗage tashinsa daga hantsi zuwa bayan isha'i. Ga kuma 'yan garinsu da suka yi sammako suka cika ɗakin jira, wannan da takardar asibiti, wancan da ta kuɗin makaranta. Wanda zai iya tsara wannan duka, ya sallami mutum goma ba tare da ko ɗaya ya tafi yana jin an wulaƙanta shi ba, shi ake nema ruwa a jallo. Fadojinmu sun san darajar wannan aiki tun da daɗewa. Sun naɗa magatakarda mai rubuta wasiƙun sarki, kuma a fadar Kano Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suna cikin manyan bayin sarki da ake bi ta hannunsu a isar da saƙo.

Kada kuma wani ya ɗauka aikin ɗaukar jaka ne da ba ya kai mutum ko'ina. Marigayi Alhaji Gidado Idris yana matashi ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello aikin sakatare, daga baya ya zama Sakataren Gwamnatin Tarayya daga 1995 zuwa 1999. A Amurka, Ursula Burns injiniya ce a kamfanin Xerox lokacin da aka ba ta aikin mataimakiyar wani babban jami'i a 1990, shekara guda bayan haka ta koma mataimakiyar shugaban kamfanin, a 2009 kuma ita ce ta hau kujerar shugabancin. Wanda ke zaune a bakin ƙofar shugaba yana ganin yadda ake yanke shawara kullum, kuma wannan makaranta ce da ba a samun ta da kuɗi.

Sai dai a lura, ayyukan ba ɗaya ba ne. Mataimakin shugaba a kamfani ko hukuma aikinsa na ofis ne: wasiƙu, jadawalin ganawa, takardun taron daraktoci, bibiyar umarnin da aka bai wa sassa. Hadimi na kashin kai, wanda aka fi sani da PA, nasa yana tsallakawa har gida: kuɗin makarantar yara, direbobi, bizar iyali, shirin Umara, gyaran gidan da ke wani gari. Sakataren kamfani kuwa wani muƙami ne daban da dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada, galibi lauyoyi da ƙwararrun akantoci da mambobin cibiyar ƙwararrun sakatarori ta ICSAN ke riƙe shi. A karanta sanarwar neman ma'aikaci da kyau a gane wanne ake nufi, domin takarda ɗaya ba za ta yi wa dukkansu ba.

Saman shafin farko

Wani kamfanin samar da aiki na Amurka mai suna Ladders ya taɓa amfani da na'urar bin motsin ido don ganin yadda masu ɗaukar ma'aikata ke duba CV. A bincikensa na 2018 ya samu cewa kallon farko bai wuce daƙiƙa 7.4 a matsakaici ba. A wannan ɗan lokaci ido yana sauka ne a kan suna, da muƙamin da mutum yake kai ko ya bari, da wurin aikin, da shekarun. Ke nan saman shafin farko shi ne wuri mafi tsada a takardar, kuma abin takaici shi muka fi ɓarnatarwa.

Suna, lambar waya, adireshin imel da garin da kake zaune sun isa. Lambar ta zama wadda ke shiga kullum, kuma kai kake ɗauka. Adireshin imel ya ƙunshi sunanka na gaskiya. Wanda ka buɗe kana sakandare da laƙabin wani ɗan ƙwallo ko na masoyiya, ka bar shi don abokai. Mutumin da zai riƙa aika wasiƙa da sunan shugaban kamfani, daga adireshinsa ake fara gane ko ya san inda ya dosa.

Batun jiha, ƙaramar hukuma, addini, aure da ranar haihuwa, waɗanda kan cinye rabin shafi a takardunmu, ya danganta da inda za a kai ta. A aikin gwamnatin tarayya ana tambayar jiha da ƙaramar hukuma saboda tsarin raba daidai, to a sa. Kamfanoni masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje ba su da buƙatar sanin addininka ko ƙabilarka, kuma a Ingila da Amurka, inda doka ta hana nuna bambanci saboda shekaru ko jinsi ko launin fata, ba a saba sa hoto ko ranar haihuwa ba ma. A Nijar da sauran ƙasashe masu aiki da Faransanci, da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, sa hoto ba baƙon abu ba ne. A Nijar ɗin kuma sau da yawa sanarwa takan nemi a haɗa da wasiƙar bayyana dalilin neman aikin da katin hukumar samar da aikin yi ta ANPE. Lambar NIN da ta BVN kuwa ba su da gurbi a CV ko kaɗan. 'Yan damfara suna baza sanarwar aikin bogi a WhatsApp da Facebook musamman don tattara irin waɗannan bayanai, kuma duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin a duba takardarka ba aiki zai ba ka ba.

Ƙasan suna sai layi uku ko huɗu da za su faɗi ko kai wane ne a wurin aiki. A nan ne ake cusa wannan doguwar jimla ta son aiki a ma'aikata mai daraja domin a ba da gudunmawa. Babu mai karanta ta, domin magana ce a kan abin da kai kake so. Da Turanci ko Faransanci za a rubuta takardar, amma ga misalin ma'anar da ya kamata ta fito: "Mataimakiyar shugaba mai shekara 6 a aiki, na yi wa manajan darakta a masana'anta da daraktan ƙungiyar agaji aiki. Na ƙware a tsara jadawali, shirya tafiye-tafiyen ciki da wajen ƙasa, da rubuta bayanin taro. Ina jin Hausa, Turanci da Faransanci." Wanda ya karanta wannan ya san ko zai ci gaba ko zai ajiye.

Inda ake cin jarrabawar ko a faɗi

Sashen ayyukan da mutum ya yi a baya shi ne zuciyar takardar, kuma a nan na fi ganin ana zaluntar kai. Sai ka ga wadda ta shekara biyar tana riƙe da ofishin babban mutum, ba ta taɓa barin ya makara taro ba, ta rubuta abubuwa huɗu: amsa waya, karɓar baƙi, shirya tafiya, da duk wani aiki da aka ba ta. Wannan ai jerin ayyukan kujerar ne, wanda ya iya da wanda bai iya ba duk haka za su rubuta. Bai nuna bambancinta da wadda aka kora bayan wata uku ba.

Idan ke ce a wannan kujera, abu na farko da mai ɗaukar aiki ke son sani shi ne wa kika yi wa aiki, kuma yaya girman wurin yake. Riƙe ofishin shugaban sashe mai ma'aikata 12 daban yake da riƙe na manajan daraktan da ke da rassa a jihohi 5. A faɗi muƙamin maigidan, da irin harkar, da yawan ma'aikata ko rassa. Idan shugabanni uku kike yi wa aiki lokaci guda, a faɗa, domin wannan kaɗai shaida ce ta iya tsari.

Na biyu, me ya canza saboda zuwanki? A ce kin tarar da fayilolin ofis a cikin kwalaye, kowace wasiƙa sai an yi rabin yini ana nema. Kika zauna kika jera su bisa shekara da batu, kika ɗauki hotonsu kika adana a kwamfuta, har ya zama cikin minti biyu ake fito da takarda. Wannan shi ne abin rubutawa. Ko a ce kin lura kamfani yana sayen tikitin jirgi ana gobe tafiya, kika fara tsara tafiye-tafiyen wata guda tun da wuri, kika nemo otal biyu da suka yarda da rangwame, kuɗin tafiya ya ragu. A rubuta nawa ya ragu, idan akwai rasit da zai gaskata. Ko kuma kin shirya babban taron shekara na mutum 200, tun daga katin gayyata har masauki da abinci, ba a wuce kasafin da aka ware ba. Ko ke ce kike rubuta bayanin taron daraktoci kina raba shi cikin kwana biyu, kina kuma bin kowane shugaban sashe da tuni har ya cika abin da aka ɗora masa.

Irin waɗannan layuka gajeru ne, kowanne ya fara da aikin da aka yi: na tsara, na rage, na kafa, na horar, na sasanta. Huɗu ko biyar sun isa ga aikin da kake kai yanzu, biyu ko uku ga na baya, layi ɗaya ga wanda ya haura shekara goma. A fara da na kusa a koma baya, kowanne da wata da shekarar farawa da barinsa.

Mutanenmu suna jin nauyin wannan salo. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, shi ya sa mai neman aiki yakan ɓuya a bayan kalmomi irin su ƙwazo da amana, yana ganin ya yi tawali'u. Ni kuwa a ganina wanda ya rubuta cewa shi amintacce ne shi ya yabi kansa. Wanda ya rubuta cewa ya riƙe kuɗin kashewar ofis na shekara 3, kuma masu binciken kuɗi ba su taɓa samun giɓin ko kwabo ba, labari ya bayar, ya bar wa mai karatu hukunci. Wannan ya fi kusa da kunyar da aka san mu da ita.

Zurfin ciki

Ga inda aikin mataimaki ya sha bamban da sauran ayyuka. Ɗan kasuwa zai iya rubuta yawan cinikin da ya kawo, malami ya rubuta yawan ɗaliban da suka ci jarrabawa. Mataimaki kuwa mafi girman abubuwan da ya gani ba na faɗa ba ne. Ya san bankin da ke bin kamfani bashi, ya san daraktan da ake shirin sallama, ya san ciwon da ya kai maigida asibiti a Alƙahira alhali an ce wa mutane hutu ya tafi. Sha'awar burge sabon wuri takan sa mutum ya zuba wani abu daga ciki, ya ambaci sunan kamfanin da aka yi cinikin sirri da shi, ko adadin kuɗin kwangila, ko manyan mutanen da ke zuwa gidan oga da dare.

Duk shugaba mai hankali da ya karanta haka, abu ɗaya zai zo masa: gobe nawa sirrin za a baza. Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma a wannan aiki maganar har a kan takarda take aiki. Hanyar ita ce a faɗi nauyin aikin a ɓoye sunayen. Maimakon a ambaci kamfanin da aka saya da farashinsa, a ce an tsara takardu da ganawar lauyoyi a wani ciniki na sirri da ya ɗauki wata 8 ba tare da labari ya fita ba. Idan gidan wani attajiri ka yi wa aiki, kana iya rubuta cewa hadimin wani ɗan kasuwa ne mai harkar sufuri da gidaje, ka ƙara da cewa za a ba da suna idan an zo tantancewa. Kafin ka sa sunan tsohon maigidanka, ka nemi izininsa. Kada kuma ka kuskura ka haɗa kwafin wasiƙar ofis ko bayanin taro a matsayin samfurin aikinka.

Abin ma ya wuce ladabi kawai. Wanda ya yi aikin gwamnati a Najeriya dokar kare sirrin gwamnati ta 1962 tana kansa ko bayan ya bar aiki, kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa ma'aikatu nauyin kula da bayanan mutane da ke hannunsu. Mataimaki yana riƙe da fasfo, lambobin waya da takardun asibiti na mutane da dama. Idan ka taɓa samun horo a kan wannan doka, ka rubuta, yana da daraja a yau.

Kwamfuta, harsuna da makaranta

A da, sakatare da saurin bugun tafireta da gajeren rubutun nan na Pitman yake tinƙaho, kalma 100 ko 120 a minti guda. Yanzu hatta kwas ɗin sakatarori a kwalejojin fasaha hukumar NBTE da ke Kaduna ta sauya masa suna da manhaja, ya koma fasahar ofis da gudanarwa. Rubuta cewa ka iya kwamfuta ba ya faɗar komai. A ambaci abin da aka iya da sunansa: riƙe kalandar shugaba da akwatin wasiƙunsa a Outlook ko Google Calendar, lissafin kuɗin tafiya a Excel, shirya jawabi a PowerPoint, haɗa taro ta Zoom ko Teams tsakanin Abuja da Landan da Dubai ba tare da an rikita bambancin agogo ba. Abin da ba ka iya ba kada ka sa, domin wurare da yawa kwamfuta za su ajiye maka a gaba ranar intabiyu.

Harshe dukiya ce da 'yan Arewa ke mantawa da ita. Kamfanin Legas da ke buɗe reshe a Kano, da ƙungiyar agaji da ke aiki a Maiduguri ko Maraɗi, suna buƙatar wanda zai yi wa hakimi magana da Hausa mai ladabi, ya juya ya rubuta rahoto da Turanci ko Faransanci. Mai jin Larabci, Fulatanci ko Barbarci ya rubuta, ya kuma faɗi gaskiyar matakinsa: magana kawai, ko har da rubutu.

Makaranta ba ta buƙatar dogon bayani. Digiri ko difloma, sunan makaranta, shekara, da hidimar ƙasa ko takardar yafewa. Firamare ba ta da amfani ga mai digiri sai an tambaya. Tsawon takardar duka kada ya wuce shafi biyu, wanda bai daɗe da fara aiki ba kuma ɗaya ya ishe shi.

Manyan kamfanoni da shafukan neman aiki irin su Jobberman da LinkedIn suna amfani da manhajar da ke karanta takardu ta jera su kafin idon mutum ya gani. Manhajar takan rikice da ado, akwatuna, hotuna da rubutu mai layi biyu gefe da gefe. A yi takarda fara, rubutu iri ɗaya, kanun sassa a sarari, a kuma yi amfani da ainihin kalmomin da ke cikin sanarwar inda suka dace da abin da aka iya. A adana ta a PDF sai in an nemi Word, a sa wa fayil ɗin cikakken sunanka. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa fom ɗinsu na intanet ake cikawa, kuma dole abin da ke ciki ya yi daidai da na CV har wata da shekara. Idan an gama, a buga a takarda a karanta da ƙarfi, sannan a ba wani mai ido ya sake dubawa. Kuskure ɗaya a sunan kamfanin da kake nema ya isa a ajiye ka gefe.

Ƙarya da masu ba da shaida

'Yan Najeriya ba sa buƙatar dogon wa'azi a kan wannan. A 1999 Salisu Buhari ya sauka daga shugabancin Majalisar Wakilai bayan an gano digirin Jami'ar Toronto da ya ce yana da shi babu shi, kuma ya ƙara wa kansa shekaru. A watan Satumbar 2018 Kemi Adeosun ta ajiye muƙamin ministar kuɗi a kan takardar yafe hidimar ƙasa da aka gano ta jabu ce, ko da yake ta ce wasu ne suka karɓo mata, ba ta san haka take ba. A Amurka, shugaban Yahoo Scott Thompson ya bar kujerarsa a 2012 saboda digirin kimiyyar kwamfuta da ke cikin bayanansa wanda bai yi ba. Idan masu irin wannan ƙarfi ba su tsira ba, ina ga wanda jarinsa duka amana ce? Giɓin shekara ɗaya ko biyu ba abin kunya ba ne. Haihuwa, jinyar mahaifi, komawa karatu ko rufewar kamfani, a faɗa a layi ɗaya a wuce. Ya fi a ja kwanan wata a rufe ramin, kiran waya guda ya tona.

Masu ba da shaida kuma a zaɓe su da hankali. Mun saba sa sunan sanata ko farfesa ko basarake don takarda ta yi nauyi, alhali idan aka kira shi sai ya yi ta tunanin wane ne kai. Wanda ya ga aikinka da idonsa ya fi, ko da akanta ne ko shugaban sashen mulki. A sanar da shi tun da wuri, a tura masa kwafin takardar, a tabbatar lambarsa tana aiki.

Waɗanda suka yi aikin ba takarda

Akwai wani rukuni da nake so a dube su da idon rahama, domin suna da yawa a cikinmu. Matashi ne ya shekara bakwai tare da wani Alhaji a Kantin Kwari ko Dawanau. Shi ke riƙe wayoyi, shi ke zuwa banki, shi ke magana da masu fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Legas, shi ke nemo biza da tikitin Guangzhou ko Dubai, shi ke tuna wa Alhaji ranar da bashin wane ya cika. Ko wanda ya bi ɗan siyasa tun daga kamfe har aka rantsar, yana tsara masa ganawa da tafiye-tafiye, amma sunansa bai shiga cikin hadiman da aka ba takardar kama aiki ba. Ranar da aka rabu, ko zaɓe ya juya, sai ya zauna rubuta CV ya ga kamar bai taɓa aiki ba, domin a bakin kowa shi yaron Alhaji ne kawai.

Wannan aiki ne, kuma aikin mataimaki ne cikakke. A rubuta shi da sunan da ya dace: hadimi na musamman ga shugaban wani kamfanin shigo da yadi, daga shekara kaza zuwa kaza. A faɗi yawan shagunan, yawan ma'aikatan da ake biya ta hannunsa, ƙasashen da ake hulɗa da su, da irin takardun da ya saba cikawa. Kada a ƙirƙiri muƙamin da babu shi, kada kuma a raina wanda aka yi. Abin da yakan rage wa irin waɗannan matasa shi ne rubutun Turanci na ofis da sanin Excel, kuma kwas na 'yan watanni yana toshe wannan giɓi. Wanda yake kan irin wannan aiki yanzu, ya sayi ɗan littafi ya riƙa rubuta abin da ya gama duk ƙarshen wata, tafiya nawa ya shirya, taro nawa, me ya gyara, ba tare da sa sirrin kowa ba. Bayan shekara biyar ƙwaƙwalwa ba za ta riƙe ba, littafin zai riƙe.

Sauran magana tana wurin iyayen gida. Alhazan kasuwa, 'yan majalisa, shugabannin ƙananan hukumomi da sarakunanmu, don Allah duk wanda ya yi muku hidima ta shekaru, ku ba shi takarda mai ɗauke da kan wasiƙarku da sa hannunku, wadda ta faɗi ranar da ya fara, aikin da ya riƙe da yadda ya riƙe shi. Ku ba shi tun kuna tare, kada a jira ranar rabuwa. Idan kuma wani kamfani ya bugo yana tambaya a kansa, ku ɗauki wayar ku ba da shaidar abin da kuka gani.